Sati Shida

Sati shida, in ji Gyang magini,
yana karkaɗe hularsa a ƙofar gidanmu na Gangare.
Ran nan gwaibar tsakar gida fure take yi.
Ta yi 'ya'ya, ta nuna, yara sun cinye,
mu kuwa har yau muna falo, mu bakwai,
kan Nusaiba a ƙafata, gwiwar Mudan a haƙarƙarina,
firji tsaye a kanmu kamar mai gadi.

Ɗaki ɗaya na ce a ƙara,
ɗaya tak, da banɗaki a ciki,
don ƙafar Inna ta huta da ratsa tsakar gida
cikin sanyin asubar Jos.
Da aka taɓa bango, sai rufi ya yi tari.
Da aka ɗaga kwano, ashe gara ta riga mu,
ta cinye katako, ta bar fenti a tsaye.
Tsohon gida tsohon zane ne,
ka ja zare ɗaya, ka tsinci kanka tsirara.

Aka haƙa tushe, kamu uku, diga ta yi tsalle.
Dutse.
Gyang ya yi dariya: "Maigida, nan fa Jos ce."
Kwana tara ana hura masa wuta, ana kwara masa ruwa,
guduma na amsa kiran salla,
kafin ya yarda ya tsage.

Siminti da safe kuɗinsa daban,
kafin la'asar ya yi sabon suna.
Babur ɗina ya zama bulo ɗari huɗu da rodi.
Safara'u ta cire 'yan kunnenta,
ta ɗora kan takardar lissafi,
ta koma wankinta, ba ta ce uffan ba.

Murhu ya yi hijira gindin gwaiba.
Mun tauna yashi a tuwo,
mun ga hodar siminti a gashin idon jariri.
Ruwan Agusta ya same mu ƙarƙashin tampol,
bokiti, roba, tukunya, kwanon sha,
kowanne da muryarsa har gari ya waye.
Muka yi faɗa a kan taga,
ita gabas, ni kudu,
kwana biyu ba magana
a ɗakin da babu wurin juya wa mutum baya.

Wata Talata lebura ya kira ni.
Cikin tsohon bangon laka da suke rushewa
ga kwabo mai huji, ya yi kore,
ga sawun yatsu huɗu a jikin tubali.
Huɗu.
Baba ya bar na biyar a ramin kuza a Bukur
tun kafin a haife ni.
Na sa hannuna a gurbin, bai cika shi ba.

Inna ta karɓi kwabon, ta goge da bakin mayafi,
ta daɗe tana juya shi.
Na zaci kuka za ta yi.
Sai ta ce, "Shi ma wata biyu ya ce mini.
Sai da na yaye ka muka shiga."

Yanzu ɗakin ya tashi, taga na kallon gabas.
Ba ƙofa tukuna, buhu muka rataya.
An kai mata gado, an kunna mata ƙwai,
ta leƙa, ta shinshina, ta ce ba ya warin kowa.
Cikin dare na ji jan ƙafarta,
ta dawo falo, ta raɓa tsakanin jikoki,
ta ja bargon Mudan.

Da safe Gyang ya zo da cokalin gini a hamata.
Na ce, saura yaushe?
Ya dubi sama, ya dubi tulin yashi,
ya karkaɗe hularsa.
Gwaiba dai ta sake fure.